A Shuka Barkono a Bayan Aji

Akwai tambayar da ya kamata kowane malamin kimiyyar aikin gona ya yi wa ɗalibansa na ajin ƙarshe kafin su shiga ɗakin jarrabawa: a cikinku wane ne ya taɓa shuka iri da hannunsa, ya rene shi har ya yi fure, ya tsinki 'ya'yansa ya kai gida aka sa a miya? A makarantun karkara za a sami masu ɗaga hannu, amma su ma a gonar iyayensu suka koya. A makarantun birni kuwa, galibi shiru za a ji. Yaro ya haddace sunayen sinadaran taki, ya iya zana fure a takarda tare da sunan kowane sashe nasa, amma in aka miƙa masa furen gaske sai ya tsaya yana jujjuya shi kamar an ba shi baƙon kuɗi.

In an nemi dalili, amsa a shirye take: babu fili, babu ruwa, babu kayan aiki, kuma ba a aiko da kuɗi daga sama ba. Ba na musun ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma ban yarda sun isa hujja ba. Ra'ayina shi ne, kowace makarantar sakandare, da kowane gidan da ɗalibi ke kwana, suna iya riƙe tushen barkono goma, kuma a cikin watanni biyar waɗannan tushe goma za su koyar da ilmin tsirrai, da na sinadarai, da na gado, har da ɗan tarihi. Mun ga Shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 ya zo da ganga ya wuce, mun ga shirin bunƙasa noma na Shugaba Shehu Shagari na 1980 shi ma ya wuce. Tushen barkono ba ya jiran kasafin kuɗi. Tsohon buhun taki, da ƙasa, da kashin awaki, da ɗan attaruhu guda da ya nuna sosai, su ke nan jarinsa.

Mai karatu zai ce, me ya sa barkono, ga masara ga tumatir? Masara tana son fili, kuma sau ɗaya ake girbe ta. Tumatir kuwa raggo ne wajen jure cuta da ƙwari, kamar yadda manoman Kano da Kaduna suka gani a 2016 sa'ad da tsutsar nan mai cin ganye ta share gonaki cikin 'yan makonni. Barkono yana zama a buhu, yana ba da 'ya'ya wata da watanni, a ƙasa mai ɗumi irin tamu yana iya wuce shekara guda in ana ba shi ruwa, sa'an nan babu gidan da ba a bukatarsa kullum. Kada kuma a raina shi don ƙanƙantarsa. A jihar Diffa ta Jamhuriyar Nijar, a gaɓar kogin Komadugu, tattasai ne babban abin da dubban gidaje ke dogaro da shi, har ana yi masa laƙabi da jan zinariya. Da hukuma ta hana cinikinsa a 2015 saboda rikicin Boko Haram, tattalin arzikin yankin ya girgiza, sai a 2017 aka ɗage haramcin.

Mu fara da abin da zai ba ɗalibi mamaki. Barkono baƙo ne a ƙasar Hausa. Asalinsa nahiyar Amurka, inda mutanen Meziko da na Amurka ta Kudu suke nomansa tun shekaru 6,000 da suka shige. Turai ba ta san shi ba sai da Kolumbus ya komo daga tafiyarsa ta 1492, daga nan kuma jiragen ruwan 'yan Fotugal suka yaɗa shi zuwa gaɓar Afirka da Indiya a ƙarni na 16. To, Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ke nan da wuya ƙwarai a ce wannan babban sarki ya taɓa ɗanɗana barkono a miyar fadarsa. Yajin kakanninmu na wancan zamani masoro ne, da kimba, da citta. Haka masara, da rogo, da gyaɗa, da tumatir, duk daga can suka zo. Ɗalibin da ya gane wannan ya gane cewa abin da muke kira abincin gargajiya shi ma yana da ranar zuwa, kuma manoman da suka gabace mu ba masu tsoron gwada sabon iri ba ne.

Masana ilmin tsirrai sun sa wa dangin barkono suna Capsicum, kuma biyar daga cikinsu ne ɗan Adam ke nomawa. Uku ne suka shafe mu. Tattasai da shambo da akasarin dogon barkonon da ake shanyawa duk Capsicum annuum ne, ko da yake ɗaya ba shi da yaji ɗaya kuwa yana sa hawaye. Ƙananan nan masu tsayuwa kai sama, waɗanda tsuntsaye ke so, yawancinsu Capsicum frutescens ne. Attaruhu, ko tarugu a bakin wasu, shi ne Capsicum chinense, watau “na ƙasar Sin”. Amma fa attaruhu ba shi da dangantaka da Sin. Wani masani mai suna Nikolaus von Jacquin ne ya laƙaba masa sunan a 1776 bisa zaton daga can ya fito, kuma kuskuren ya zauna har yau. Ina son malamai su riƙa ba da wannan labari, domin yara su san cewa ba duk abin da aka buga a littafi da harshen Latin ne ya zama yankan wuƙa ba.

Yaji kansa fa, mene ne shi? Ba ɗanɗano ba ne irin zaƙi ko ɗaci ko tsami. Wani sinadari ne a cikin barkono da ake kira kafsaisin. A ƙarshen jijiyoyin da ke bakinmu da fatarmu akwai wani furotin mai aiki kamar ƙofa, wanda ke buɗewa idan zafi ya kai kimanin digiri 43 a ma'aunin santigiret, ya aika wa ƙwaƙwalwa cewa ana ƙonewa. Kafsaisin yana buɗe wannan ƙofa ba tare da wuta ba. Ƙwaƙwalwa ba ta iya bambancewa, sai ta sa a yi gumi, hanci ya zuba, ido ya kawo ruwa, alhali kuwa harshen bai ƙone ba. David Julius da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ne suka gano wannan furotin a 1997, ta hanyar amfani da kafsaisin ɗin kansa, kuma a 2021 aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci tare da Ardem Patapoutian. A dubi wannan da kyau: abin da ke cikin ƙullin yajin mai tsire shi ne ya buɗe wa duniya hanyar fahimtar yadda jiki ke jin zafi.

Tsuntsaye suna da irin wannan ƙofa, amma tasu ba ta amsa wa kafsaisin. Wannan ya sa kaza take tsattsagar attaruhu ko a jikinta. Hikimar da ke ciki abin lura ce. Ɓera da sauran dabbobi masu haƙori suna niƙe irin, su kashe shi. Tsuntsu kuwa yana haɗiye shi, ya tashi ya kasayar da shi a wani wuri da ransa. Yajin yana korar mai ɓarna, ya ƙyale mai yaɗawa. Binciken da aka yi kan barkonon daji a ƙasar Bolibiya ya kuma nuna cewa kafsaisin yana kare irin daga wata fumfuna mai ruɓar da shi. Sai dai a lura, a cikin 'ya'yan kaɗai yajin yake. Ganyen ba shi da shi, saboda haka akuya za ta cinye shukar ƙurmus in ba a yi shinge ba.

Ga gwaji biyu da ba sa bukatar komai sai wuƙa da kofi. Mutane da yawa sun ɗauka a cikin ƙwayoyin iri yaji yake. A tsaga shambo biyu, a ware fatar waje, a ware farar tsokar nan ta tsakiya wadda irin ke manne da ita, a kuma wanke ƙwayoyin irin sosai. Kowane ɗalibi ya taɓa kowanne da kan harshe. Zai ji da kansa cewa a farar tsokar ake yin kafsaisin, abin da ke jikin irin shafa ce kawai ta maƙwabtaka. Na biyu, a zuba dakakken barkono a kofin ruwa, a zuba wani a kofin man gyaɗa, a bar su su jima. Man zai yi ja ya ɗauki yaji fiye da ruwan nesa ba kusa ba, domin kafsaisin yana narkewa a mai, ba ya narkewa sosai a ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa wanda yaji ya kama yake shan ruwa kofi bayan kofi a banza, amma kurɓin nono ko kindirmo ya kwantar masa. A gargaɗi yara su wanke hannu da sabulu bayan gwajin, kada kowa ya taɓa ido.

Akwai ma ma'aunin yaji. Wani mai haɗa magunguna a Amurka, Wilbur Scoville, shi ya ƙago shi a 1912: a tatso yajin, a yi ta sirka shi da ruwan sukari har masu ɗanɗanawa su daina ji, yawan sirkin shi ne makin. Tattasai marar yaji sifiri ne. Dogon barkono irin na shanya yana tsakanin 30,000 zuwa 50,000. Dangin attaruhu suna kaiwa 100,000 zuwa 350,000, zallar kafsaisin kuwa miliyan 16. Yanzu da na'ura ake aunawa, domin harsunan mutane ba ɗaya ba ne. Af, barkonon tsohuwa da 'yan kwantar da tarzoma ke harbawa, sunan kawai ya ara. Sinadari ne da ake haɗawa a masana'anta, ba a gona ake samunsa ba.

To, mu koma ga ƙasa.

Maganar rashin fili ta faɗi tun da akwai buhu. A sami tsohon buhun taki ko na shinkafa, ko bokitin da ya fashe, a huda gindinsa wurare da dama don ruwa ya riƙa tsiyayewa, a cika shi da ƙasa mai laushi kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Na ce ruɓaɓɓe, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. A ajiye inda rana ke samu aƙalla sa'a shida. Maganar ruwa ita ce ta fi nauyi, kuma a nan nake ganin sakacinmu ya fi fitowa fili. A je bayan masallacin kowace makarantar kwana a dubi inda ruwan alwala ke kwarara sau biyar a yini, ya taru ya zama kwata, sauro ya yi gida a ciki. A ce ɗalibai 300 ne, kowanne ya zubar da rabin lita a alwala ɗaya. Lita 150 ke nan, alhali tushen barkono a buhu lita ɗaya zuwa biyu ta ishe shi a yini. 'Yar magudana da fartanya za ta haƙa cikin sa'a guda ta isa ta mai da wannan ruwa lambu. A gida ma haka ne, ruwan alwala da na wankin hatsi da kayan miya duk suna yi. Wanda za a guje wa shi ne mai omo, ko mai gishiri, ko mai maiƙo.

Lokacin shuka ya yi daidai da shekarar karatu, kamar da gangan. A yafa iri a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, sa'ad da ƙasa ke da sauran ɗumi, domin irin barkono ya fi tsira a digiri 25 zuwa 30. In aka bari sai sanyin hunturu ya kankama, sai ya yi ta nawa. Kada a binne shi da zurfi, rabin santimita zuwa ɗaya ya isa, a rufe da 'yar busasshiyar ciyawa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Tattasai da shambo sukan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu. Attaruhu mai jan rai ne, yakan kai mako uku ko fiye, kuma da yawa sukan fid da rai su zubar da ƙasar ana gobe zai fito. Tun kafin a shuka, a sa kowane rukuni na ɗalibai su ƙirga ƙwaya 20, su naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, su riƙa dubawa kullum suna rubuta nawa suka tsaga. In 15 suka tsira, kashi 75 cikin ɗari ke nan, kuma yaron da lissafin kashi cikin ɗari ya daɗe yana ba shi wuya zai gane shi ran nan.

Bayan mako biyar zuwa shida, in shukar ta yi ganye biyar ko shida, sai dashe. A yi shi da la'asar sakaliya, a ɗauko ta da ƙasar gindinta, a ba ta ruwa nan take. Tushe ɗaya a buhu ɗaya. In a fangali ne, a bar tazarar santimita 45 zuwa 60. Wanda zai yi da damina ya dasa a kan kunya, domin babu abin da barkono ya ƙi jini kamar ruwa ya kwanta masa a gindi. Kwana biyu a cikin taɓo sun isa su ruɓar da saiwarsa.

Daga nan shukar za ta fara yin tambayoyi, kuma wannan ne amfaninta ga aji. Wani zai ga tasa ta yi ganye shar, ta yi tsawo, amma babu fure. In an bincika za a tarar ya cika mata takin yuriya, sinadarin naitirojin ya yi yawa, ta tafi ga ganye ta manta da 'ya'ya. Wata za ta ga gindin 'ya'yan tattasanta yana yin baƙi yana lotsawa, ta ɗauka cuta ce. Ba cuta ba ce, sinadarin kalsiyam ne bai isa can ba, saboda yau an cika ruwa gobe an bar ƙasa ta bushe. A watan Maris da Afrilu kowa zai ga fure yana kakkaɓewa, domin in zafin rana ya haura digiri 35 ƙurar furen takan lalace, ba a samun ɗaurin 'ya'ya. Maganinsa 'yar rumfar zana ta ɓangaren yamma, da ciyawa a gindi don ƙasa ta riƙe laima. Kowace irin wannan matsala darasi ce da ke cikin manhaja, sai dai a nan ɗalibi ne zai zo yana neman amsa.

Babban abokin gaba shi ne darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu taruwa a bayan ganye suna tsotse ruwansa. Tsotson ba shi ne babbar illa ba. Su ne ke ɗauko ƙwayar cutar bairus daga shuka zuwa shuka, ganye ya murɗe ya yi dabbare-dabbare, tushen ya tsumbure. Ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka a ƙasar Gana aka fara bayyana ta a 1971, kuma tana ko'ina a Afirka ta Yamma. Bairus ba shi da magani. Tushen da ya kamu a tuge shi a ƙone, ko da mai shi zai yi kuka. Kada kuma a dasa barkono inda aka cire tumatir, ko gauta, ko dankalin Turawa, ko taba, domin dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Mai shan taba ma ya wanke hannu kafin ya taɓa shukar.

A nan zan tsaya in ja kunne, domin maganar ta shafi rai. Ɗabi'ar da ta yaɗu ta ɗauko fiya-fiya ko kowane maganin ƙwari a fesa wa kayan miya yau, a tsinka gobe a kai kasuwa, ganganci ce. Kowane maganin feshi na gaskiya yana da adadin kwanakin da za a jira kafin girbi, a rubuce a jikin kwalbarsa, kuma mutum nawa ne ke karantawa? A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan irin wannan guba da aka samu a cikinsa. Su sun auna sun ƙi. Mu da ba mu aunawa, mu muke ci. A lambun tushe goma babu bukatar guba ko kaɗan. A duba bayan ganye kowace safiya, a murje darɓar da yatsa ko a wanke ta da ruwa. In ta yi yawa, ga dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, a kusan kowace harabar makaranta. A ɓare 'ya'yansa busassu, a daka ƙwayar kimanin giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ta kwana, a tace, a fesa da yamma, domin hasken rana yana kashe ƙarfinsa da sauri. Wace hanya ce ta fi, murjewa ko feshin dogon yaro? Kada malam ya faɗa. A raba tushen gida biyu, a ƙirga ƙwarin bayan mako guda, gani ya kori ji.

Girbi yakan fara wata biyu zuwa uku bayan dashe ga shambo da tattasai, attaruhu kuwa yakan kai wata uku zuwa huɗu. Kore da ja ba iri biyu ba ne, ɗanye ne da nunanne: koren launin yana rushewa, ja ko ruwan ɗorawa ya maye gurbinsa, zaƙi da ƙamshi su ƙaru. Barkono ya saɓa da tumatir a nan, domin in an tsinke shi kore shar ba ya nuna da kyau a ɗaki, sai dai ya yanƙwane. A jira ya juya a kan uwarsa. A tsinka da safe bayan raɓa ta bushe, tare da ɗan sandansa, da almakashi ko reza in da hali, saboda reshen barkono gautsi gare shi, fizga ɗaya sai ya tsage. Kuma a riƙa tsinka a kai a kai. Tushen da aka bar wa nunannun 'ya'ya yakan rage yin sabon fure.

Game da amfaninsa ga jiki, gara a faɗi gaskiya ba tare da zuzutawa ba. Ɗanyen jan barkono da tattasai suna da bitamin C fiye da ninki biyu na lemon zaƙi in an auna nauyi ɗaya, kuma daga jan tattasan ƙasar Hangari ne Albert Szent-Györgyi ya tatso wannan bitamin da yawa, mutumin da ya sami kyautar Nobel a 1937. Amma ba wanda ke cin attaruhu cikin tafi, kuma shanya da doguwar dahuwa suna lalata yawancin bitamin ɗin. Ribar tana ga tattasai ɗanye a kwaɗo ko wanda bai daɗe a wuta ba. Zancen cewa yaji ne ke haddasa gyambon ciki kuwa, bincike bai goyi bayansa ba. Likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun nuna tun farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar bakteriya ce babban sanadinsa, tare da yawan shan wasu magungunan ciwon jiki. Mai gyambo yana iya jin yaji ya tayar masa da ciwo, ya rage; amma maganinsa yana asibiti.

Shanya ita ce inda muke asarar abin da muka sha wuya a kansa. Duk wanda ya bi manyan hanyoyinmu da kaka ko da rani ya ga barkono a baje a gefen kwalta, ƙura da hayaƙin mota na sauka a kai, awaki na ratsawa, raɓa ta jiƙa shi da dare, rana ta busar da rana. Barkonon da bai bushe da sauri ba yakan yi fumfuna, kuma wata fumfunar tana fid da guba mai suna afalatoksin, wadda aka gano bayan ta kashe talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960. An tabbatar tana jawo sankarar hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. In aka daka irin wannan barkono ya zama gari, ido ba ya ganewa. Mai tushe goma yana da ikon da mai saye a kasuwa ba shi da shi: ya shanya nasa a kan tabarma mai tsabta bisa gado ko rumfa, ya tsaga attaruhu biyu don ya fi saurin bushewa, ya shigar da shi ɗaki da magariba, ya zubar da duk wanda ya yi baƙi a ciki. In an girgiza an ji irin na kaɗawa, an lanƙwasa ya karye ƙas, ya bushe.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: da kaka barkono arha yake, wahalar me? Gaskiya ne, kuma ba na da'awar buhu goma za su rufe kasuwar 'Yankaba. Amma wanda ya sayi kayan miya a tsakiyar 2024 bai manta yadda tsadarsu ta kai wasu gidaje ga haƙura da su ba, kuma kowace shekara akwai watannin da kayan noman rani suka ƙare na damina ba su iso ba. Tushen da aka rena ya tsallake bazara a inuwa, shi ke ba da 'ya'ya a wannan tsakani. Wasu malamai kuma za su ce, wa zai ba da ruwa lokacin hutu? Amfanin buhu ke nan: ɗaliban jeka-ka-dawo su ɗauki nasu zuwa gida, na 'yan kwana a yi yarjejeniya da maigadi, a ba shi rabonsa in an girba.

Abin da ya fi duk waɗannan damuna ba fili ba ne, ba ruwa ba. A makarantu da yawa, fartanya kayan horo ce. Wanda ya makara, ko ya yi surutu a aji, shi ake turawa noman ciyawa cikin rana, 'yan'uwansa na leƙensa ta taga suna dariya. Shekara shida muna koya wa yaro cewa taɓa ƙasa sakamakon laifi ne, sa'an nan mu dawo muna mamakin yadda matasa ke gudun noma. Ina roƙon shugabannin makarantu su raba horo da lambu rabuwa ta har abada. Kowane tushe ya kasance da sunan mai shi a jikin buhu, da littafin da yake rubuta tsawo da ranar fure da yawan 'ya'ya, a ba shi maki a kai, kuma abin da ya girba nasa ne. 'Yan mata su kasance a gaba a wannan aiki, domin iyayenmu mata sun daɗe suna renon barkono a fasasshiyar tukunya a bayan ɗaki, tun kafin kowa ya kira abin kimiyya. Malamin da ya sami cuta ko ƙwaron da ya gagare shi ganewa, yana iya kai samfur ga malaman gona na yankinsa, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ko reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Bagauda.

Saura iri. A zaɓi tushen da ya fi lafiya da yawan 'ya'ya, a bar wasu su nuna sarai, a cire irin a shanya a inuwa kamar mako guda, a zuba a ambulan a rubuta suna da kwanan wata, a sa a kwalba mai murfi. Zai yi shekara biyu zuwa uku da ransa. Sai dai irin gwangwani mai alamar F1 ba a ajiye 'ya'yansa, domin jikokin ba sa fitowa kamar iyayen. Haka kuma in tattasai da shambo suna kusa, ƙudan zuma kan kai ƙurar furen wannan ga wancan. Tattasan bana ba zai canza ba, amma irin da aka cire daga cikinsa yana iya fitowa da yaji baɗi.

Ajin da ke da malami mai haƙuri yana iya yin wannan da gangan. A sami furen tattasai marar yaji ana gobe zai buɗe, a cire sassansa masu ƙura da ɗan hantsaki, a shafa masa ƙurar furen shambo, a rufe da 'yar takarda, a ɗaura zare don shaida. Irin da ya fito daga wannan aure, in an shuka, duka za su yi yaji, domin yaji shi ke rinjaye a gado. In aka bar waɗannan suka yi 'ya'ya, aka sake shuka irinsu, sai marasa yaji su sake ɓullowa, kimanin ɗaya cikin kowane huɗu, daidai da abin da Gregor Mendel ya samu a kan waken Turawa ya buga a 1866. Tushe goma ba za su nuna wannan rabo sosai ba, sun yi kaɗan. Sai an haɗa na azuzuwa huɗu ko biyar an ƙirga tare. Aikin yana cin shuka uku, saboda haka ajin da ya ɗaura zaren a shekararsa ta farko ta babbar sakandare, shi zai yi ƙirgar kafin ya zauna jarrabawar fita.